Labarin Ƙwaƙwalwa a Tambayi Ido

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Da likitocin ƙwaƙwalwa za su ƙirƙiri nasu karin maganar, cewa za su yi labarin ƙwaƙwalwa a tambayi ido. Dalili kuwa shi ne, ƙwaƙwalwa a rufe take ruf cikin ƙoƙon kai, ba a ganin ta sai da na'urar ɗaukar hoto mai tsada, wadda ba kowane asibiti ke da ita ba. Shi kuwa ido a fili yake. Daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, shida suna da aiki a ido: ɗaya ta gani, uku na juya shi, ɗaya ta jin taɓi, ɗaya kuma ta rufe shi. Saboda haka in wani abu ya taɓa ƙwaƙwalwa, sau da yawa ido ne ke fara tona asiri.

Mai karatu zai ce, to me ya haɗa ɗalibin Hausa da aikin likita? Mu da muke nazarin Hausa nesa da ƙasar Hausa mun san amsar. Da wuya ɗayanmu ya je dubiya babban asibiti sau uku bai ji ana cigiyar mai jin Hausa ba. An kawo wani daga Sabo ko daga kasuwar albasa, likita ba ya jin Hausa, mara lafiya ba ya jin Turanci. Nan take ɗalibi ya zama tafinta. In mara lafiya ya yi jimla uku yana kwatanta abin da ke damun ganinsa, tafinta ya dunƙule su ya ce "ba ya gani sosai", to an zubar da tsabar an miƙa wa likita dusa. Manufar wannan maƙala ita ce mu san inda tsabar take.

Kalmomi tukuna

Kalmar "jijiya" ita ce cikas na farko. A Hausa, abin da jini ke bi jijiya ne, abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ne, abin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi shi ma jijiya ne. A wajen likita kuwa waɗannan abubuwa ne mabambanta. A nan, in na ce jijiya kawai, ta saƙo nake nufi. In ta jini ce zan ce jijiyar jini.

Cikas na biyu shi ne baƙin ɗigon nan da ke tsakiyar ido. "Ƙwayar ido" takan ɗauki ma'anar dunƙulen idon gaba ɗaya, "baƙin ido" kuma ya haɗa da zoben da ke kewaye da ɗigon. Larabawa suna ce masa insanul aini, wato mutumin ido, Latin kuma ta kira shi pupilla, wato 'yar tsana, duk saboda ɗan mitsitsin hoton kanka da kake gani in ka leƙa idon wani. Ni zan kira shi tagar ido, don kuwa rami ne da haske ke shiga ta cikinsa, kuma yana buɗewa yana tsukewa.

Tagar ido

A cikin haske faɗin tagar ido yakan kasance milimita 2 zuwa 4, a duhu kuma 4 zuwa 8. Ba mutum ke sarrafa ta ba. In haske ya shiga ido, jijiyar gani takan kai labari gindin ƙwaƙwalwa, daga can sai umarni ya dawo ta jijiya ta uku cewa a tsuke. Abin lura shi ne umarnin idanu biyu yake zuwar wa, ko da ɗaya kaɗai aka haska. Kowa na iya gwadawa da tocilar waya a ɗaki mai duhu: haska idon abokinka na dama, ka dubi na hagu, za ka ga shi ma ya tsuke. Da wannan ɗan gwaji likita ke auna hanyar zuwa da hanyar dawowa, ko da mara lafiya a sume yake.

Kada wanda ya dubi madubi ya ga tagoginsa ba su yi daidai ba ya tsorata. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yana da ɗan bambancin da bai kai milimita ɗaya ba, kuma haka Allah ya halicce shi. Abin damuwa shi ne bambancin da ya zo sabo, musamman in ya zo da rakiya.

Mafi hatsarin su duka shi ne taga ɗaya ta buɗe ta ƙi tsukewa bayan buguwa a kai. Ɗauki misalin ɗan acaɓa da ya faɗi ba hular kwano. Ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya karkaɗe riga ya ce lafiyarsa ƙalau. Alhali wata jijiyar jini ta tsage a ƙarƙashin ƙashin gefen kai, jini yana taruwa a hankali. Bayan wasu awoyi sai ciwon kai, sai amai, sai barci mai nauyi. Jinin da ya taru yana tura ƙwaƙwalwa ƙasa, ita kuma tana danne jijiya ta uku, sai tagar idon da ke gefen ta wage. A wannan mataki fiɗa ce ta gaggawa, kuma kowane minti yana da daraja. In 'yan'uwansa suka ce "ai da farko ya tashi har ya yi magana, daga baya ne ya kwanta barci", tafinta ya faɗi wannan jimla ɗungurungum yadda take. Wannan tazara ta farfaɗowa ita kanta alama ce da likita ya karanta a makaranta.

Jijiya ta ukun nan ita ce kuma ke ɗaga fatar ido, ita ke juya ido sama da ƙasa da wajen hanci. In ta shanye, fatar ido takan rufto, in aka ɗaga ta sai a ga idon ya karkata waje da ƙasa, mutum yana ganin abu biyu-biyu. A nan tagar ido ce alƙali. Zaren da ke tsuke ta a bayan jijiyar yake kwance, kamar ɓawo. In wani abu ne ke danne jijiyar daga waje, alal misali jijiyar jini da ta kumbura kamar balan-balan tana shirin fashewa, ɓawon zai fara taɓawa, taga ta buɗe. In kuwa ciwon suga ne ko hawan jini ya toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da tsakiyar jijiyar, taga takan tsira, kuma galibi idon yakan warware cikin wata uku. Ciwo biyu masu kama ɗaya, na farko yana iya kisa a ranar, na biyu haƙuri yake bukata.

Ba kowace buɗaɗɗiyar taga ce daga ƙwaƙwalwa ba. Wanda aka ɗiga wa maganin atirofin a asibitin ido zai iya yin mako ɗaya ko biyu taga a buɗe. Wanda ya sha zaƙami tagoginsa biyu za su wage, baki ya bushe, jiki ya yi zafi, ya yi ta sambatu. Akwai kuma wadda likita William Adie ya bayyana a Landan a farkon shekarun 1930, wadda ta fi samun mata matasa: taga ɗaya babba, mai nawar tsukewa, amma ba ta da wata illa ga rai.

Tsukakkiyar taga kuma nata labarin daban. Jijiyar da ke buɗe taga tana yin wata doguwar tafiya mai ban mamaki. Takan taso daga ƙwaƙwalwa, ta gangara cikin laka har gindin wuya, ta fito ta bi ta saman huhu, sannan ta sake hawa jikin babbar jijiyar jinin wuya ta koma ido. Ko'ina aka tare ta a wannan hanya, sai taga ɗaya ta ƙanƙance, fatar ido ta ɗan sauko, wani lokaci gefen fuskar ya daina gumi. Wani likitan ido na birnin Zurich, Johann Friedrich Horner, ya bayyana wannan a 1869, kuma da sunansa ake kiran alamar. Abin da ya sa na kawo ta shi ne, mutum na iya zuwa da ƙorafin ido, a ƙare da gano ciwon daji a saman huhunsa. A wannan shekara ta 1869 ne kuma Argyll Robertson na Edinbara ya bayyana ƙananan tagogi da ba sa tsukewa in an haska su, amma suna tsukewa in mutum ya dubi abu na kusa. Daga baya aka gane alama ce ta tunjere da ya daɗe har ya kai ƙwaƙwalwa. Zuwan fenisilin ya sa yanzu ba a cika ganin ta ba.

In tagogi biyu suka zama kamar bakin allura a mutumin da ya suma, abu uku likita zai fara kawowa a ransa: zubar jini a gindin ƙwaƙwalwa, ko ƙwayoyi dangin kodin, ko guba irin ta fiya-fiya. Mai fiya-fiya za a gan shi yana dalalar da yawu, yana gumi da hawaye, numfashi yana sarƙewa. Maganinsa a asibiti shi ne atirofin ɗin nan, ɗan'uwan sinadarin da ke cikin zaƙami, amma a ma'aunin da likita kaɗai ya sani. A irin wannan hali dangi sukan ji kunyar faɗin abin da aka sha. Tafinta ya lallashe su su faɗa, in da hali ma su kawo kwalbar.

Jijiyar gani

Jijiyar gani ba ta wuce santimita 5 ba a tsawo, amma tana ɗauke da zare kimanin miliyan 1.2. A haƙiƙa reshen ƙwaƙwalwa ce da ya miƙo waje, kuma kamar ƙwaƙwalwa, zaren da ya mutu ba ya sake tsirowa. Tun da masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido a 1851, likita yana iya ganin kan wannan jijiya ƙuru-ƙuru ta cikin taga. Babu wata jijiya a jikin ɗan'adam da ake gani haka ba tare da an tsaga fata ba.

Ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki yana biyo rigar jijiyar har bayan ido. In matsi ya yi yawa cikin ƙoƙon kai, saboda ƙari ko sanƙarau ko daskarewar jini bayan haihuwa, sai kan jijiyar ya kumbura a idanu biyu. Akwai ma nau'in da ke samun mata matasa masu ƙiba ba tare da wani ƙari ba. Masifar wannan kumburi ita ce gani yakan zauna garau har sai ɓarna ta yi nisa. Abin da mara lafiya zai faɗa shi ne ciwon kai da ya fi tsanani da asuba ko in ya kwanta, da ƙara a kunne mai tafiya da bugun zuciya, da kuma wannan: "in na sunkuya ko na miƙe sai duhu ya rufe ni na ɗan lokaci, sai ya washe." Mai fassara cikin gaggawa zai ce jiri ne. Jiri daban, duhun gani daban, kuma kowanne hanyar bincikensa daban.

Wani ciwon kuma kumburin jijiyar ne ita kanta, in garkuwar jiki ta juyo tana cin rigarta. Yawanci ido ɗaya yake kamawa, a matashi, gani ya ragu cikin 'yan kwanaki. Alamominsa biyu sai an tambaya ake ji. Na farko, zafi a bayan ido in an juya shi. Na biyu, launi yakan koɗe, musamman ja. Jan murfin biro da ido mai lafiya ke gani jawur, ɗaya idon sai ya gan shi kamar tsohon atamfa da ya sha rana. A Turai wannan yakan zama farkon ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da MS. A tsakanin baƙaƙen fata kuma ana yawan cin karo da wani nau'i mafi tsanani, wanda Eugène Devic na Faransa ya bayyana a 1894, mai kama idanu da laka tare. A 2004 aka gano gwajin jinin da ke bambance shi, kuma bambancewar tana da muhimmanci domin wasu magungunan MS suna ƙara tsananta shi.

Yaya likita zai san jijiyar ce ta lalace ba gaban idon ba? Sai ya koma ga taga. Zai riƙa kai tocila daga wannan ido zuwa wancan, yana dawowa. In ya haska mai lafiya, tagogi biyu su tsuke. Da ya koma kan mai lalatacciyar jijiya, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka an rage haske, sai taga ta buɗe alhali tocila tana kanta. Yanar ido, komai kaurinta, ba ta cika kawo wannan alama ba. Don haka in tsoho ya zo da yana, aka kuma ga wannan, to akwai wani abu a bayan yanar, kuma aikin cire ta ba lalle ya dawo da gani ba.

Guba da yunwa ma suna kashe jijiyar gani. Itambutol, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana iya taɓa ta, shi ya sa ake gargaɗin mai shan sa ya koma asibiti da zarar launuka sun fara rikice masa, ba wai ya ajiye magani da kansa ba. A 2015 an yi rashin rayuka a Ode-Irele ta jihar Ondo, sannan a jihar Ribas, sakamakon ogogoro mai ɗauke da sinadarin metanol, kuma makanta farat ɗaya na cikin alamomin da aka gani. Tun a ƙarshen shekarun 1960 Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi nazari mai zurfi a kan wani ciwo da ya yawaita a yankin Ijebu, mai haɗa dushewar gani da kurumta da tangaɗi wajen tafiya. Ya danganta shi da daɗewa ana cin rogon da ba a jiƙa ya tsumu sosai ba, a gidajen da nama da wake suka yi ƙaranci. A ƙasar Kyuba kuma, tsakanin 1991 da 1993, lokacin da abinci ya yi wuya, kimanin mutum 50,000 suka kamu da ciwon jijiyar gani da sauran jijiyoyi, annobar ta lafa bayan an raba wa jama'a bitamin.

Sai gilokoma, wadda ita ma ciwon jijiyar gani ce. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 a kan 'yan shekara 40 zuwa sama ya nuna yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makanta, gilokoma tana biye da kusan kashi 17. Kafafen watsa labarai sun raɗa mata suna "hawan jinin ido". A ganina sunan ya yi daɗin faɗa amma yana ɓatar da mutane. Ba jini ne ke hawa ba, ruwan cikin ido ne ke matsa wa jijiya, kuma wanda aka auna jininsa aka ce daidai yake sai ya ɗauka ya tsira. Tana cin gani daga gefe-gefe, ba zafi, har sai mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu.

A nan ne ya kamata mu tsaya kan kalmar "dundumi". Na ji ana amfani da ita ga wanda ba ya gani da dare, na ji ana faɗar ta ga wanda idonsa yake buɗe tangaran amma ba ya gani, a rediyo kuma an sha kiran makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa da wannan suna. In mara lafiya ya ce dundumi gare shi, kada tafinta ya zaɓa masa ɗaya daga ciki. Ya tambaye shi ya kwatanta: da dare ne ko har da rana, ido ɗaya ko biyu, a hankali ya zo ko farat ɗaya.

Bayan ido

Jijiyoyin gani biyu suna haɗuwa a wata mararraba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda rabin zaren kowace ke tsallakawa ɗaya gefen. Daidai ƙarƙashin mararrabar akwai wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ke sarrafa sinadaran jiki. In ƙari ya fito masa, sai ya danne zaren da ke tsallakawa, mutum ya rasa ganin gefen waje a idanu biyu. Zai riƙa karo da mutane a kasuwa, direba kuma ya kasa ganin mai shigowa daga gefe. In mace ce, wataƙila al'adarta ta ɗauke, nono yana kawo ruwa ba ta da goyo. Da wuya ta haɗa wannan da maganar ido, da wuya kuma ta faɗa a gaban tafinta namiji. In da hali a nemo mata mace.

Daga mararraba zuwa ƙeya, inda cibiyar gani take, kowane gefen ƙwaƙwalwa yana kula da rabin duniya ne, ba ido ɗaya ba. Gefen dama yana ganin duk abin da ke hagu, ta idanu biyun. Saboda haka wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa gefen dama zai rasa rabin hagu a kowane ido. Amma abin da zai ce shi ne "idona na hagu ya mutu". In aka sa ya rufe idon hagun zai ga har yanzu rabin hagu babu. "Idon hagu" da "ɓangaren hagu" kalma ɗaya ce ta raba su, amma na farko asibitin ido yake nufa, na biyu sashen ƙwaƙwalwa. Haka ma mai ganin abu biyu-biyu: in ya rufe ido ɗaya abin ya koma ɗaya, matsalar ta jijiya ce ko tsokar da ke juya ido. In kuwa bai koma ba, a cikin idon take.

Wani abu da zai ba ɗalibin harshe sha'awa shi ne yadda rasa rabin gani ke shafar karatu. Mai karanta boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, idonsa yana hango kalmar gaba kafin ya iso ta. In rabin dama ya tafi, sai ya riƙa tafiya cikin duhu, harafi bayan harafi. In rabin hagu ne, yana bin layi amma yakan sha wuyar gano farkon layi na gaba. Ga mai karanta ajami ko Larabci kuwa abin juyewa yake yi. Saboda haka malamin da ya ce jarida ta gagare shi amma yana iya bin allo, ba ruɗewa ya yi ba, ya ma gaya wa likita gefen da ciwon yake.

In cibiyar gani ta ƙeya ta lalace gefe biyu, kamar yadda kan faru ga yaro bayan zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko mai ciki da ta yi jijjiga, mutum ba ya gani sam alhali idanunsa lafiya lau, tagogi suna tsukewa yadda ya kamata. Irin wannan ne ake cewa aljanu ne, ko a ce ƙarya yake yi. Da yawa daga cikinsu ganin yakan dawo in an magance sababin.

Akwai kuma wanda zai ambata a ƙarshen zance, kamar abin da bai kai a faɗa ba, cewa makon jiya wani abu kamar labule ya sauko ya rufe masa ido ɗaya, bayan minti biyar ya yaye. Zai ƙara da cewa "amma ai ya wuce". Galibi ɗan gudan jini ne ya ɓalle daga jijiyar jinin wuya ko daga zuciya, ya toshe hanyar jinin ido na ɗan lokaci sannan ya narke. Na gaba yana iya zarcewa ƙwaƙwalwa, kuma hatsarin ya fi yawa a kwanakin farko. Tafinta ya fassara labulen, da idon da ya rufe, da mintocin da ya yi, da ranar da abin ya faru.